Gwaggo Tana Ƙasan Bene

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma uban taro, Alhaji mai wannan bene, wanda ya ba mu wannan zaure kyauta. Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta masu fama da amosanin gaɓɓai, Malam hedimasta mai ritaya. 'Yan kwamiti masu ƙoshin lafiya, waɗanda suka riga kowa hawowa. Likitarmu mai haƙuri da mu. Mazajen marasa lafiya da matan marasa lafiya, da 'ya'ya da surukai. 'Yan uwana masu ciwo da kuka iso, da waɗanda har yanzu suke kan matakala suna mayar da numfashi. Da kuma Gwaggo mai ɗinki, wadda ta kafa wannan ƙungiya, wadda a yanzu haka take zaune a ƙasan bene kan kujerar maigadi, ban sani ba ko muryata tana kai mata: ina gaishe ku gaba ɗaya, gaisuwar baki, domin gaisuwar hannu tana da nata bayani a gaba.

Ina roƙon alfarma tun da wuri, kada kowa ya tafa mini. Masu lafiya za su tafa su manta, mu kuwa sai mun kwana biyu muna tuna jawabin a tafin hannunmu.

Ina godiya ga Alhaji, godiya ta gaskiya. Zaure ne mai faɗi, mai fenti sabo, mai labule har ƙasa, a hawa na uku, inda mutum zai leƙa ta taga ya hango rufin asibitin da yake zuwa. An nuna mana ramin lif, wato na'urar da ke hawa da mutum sama, kuma rami ne mai kyau, lif ɗin ne kawai bai iso ba. Ina godiya ga kwamiti da suka raba mana ruwan roba mai sanyi. Na duba layin da nake zaune, ban ga wanda ya iya buɗe murfin nasa ba, amma kowa ya rungume abinsa, kuma niyya ta isa. Ina godiya ga wanda ya tsara cewa Gwaggo ce za ta yanke ƙyallen buɗe zaure, matar da ta bar sana'arta saboda almakashi ya gagari yatsunta. Ƙyallen yana nan a bakin ƙofa, duk ta ƙarƙashinsa muka sunkuya muka shigo, waɗanda bayansu ya yarda.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni akawu ne a ofishin aika kaya. Aikina in auna kwali, in ɗaure shi, in buga masa hatimi. Ban wuce sakandare ba, ban kuma saba tsayawa gaban manya ba. An zaɓe ni in yi magana a kan abubuwan da ke tayar mana da ciwo saboda an san ina rubuta halin da jikina ya wuni kowace rana, sai aka zaci na gano wani abu. Ina tsoron zan ba ku kunya.

Kafin in shiga, bari baƙinmu su san abin da ke gabanmu yau. Tun da aka kafa ƙungiyar nan muna haɗuwa ne a wani ɗaki da ke bayan kantin magani. Ɗaki ne ƙarami, fankarsa tana kuka, bencinansa ba su kai kujerun nan kyau ba. Amma daga titi ƙafarka za ta shiga ciki ba tare da ta ɗaga ba. Mai kantin ya ara mana shi, yanzu kuma da ya ji mun samu bene, ya ce in dai da gaske mun tashi, a mayar masa da makulli yau bayan taro, domin ƙanensa yana neman inda zai jibge kwalaye. Makullin yana hannun Gwaggo. Ita ta ɗaure masa guntun katako don masu kumburarrun yatsu su iya murɗa shi. Ta kawo shi, tana ƙasa tana jiran mu gama ta kai. In ya koma, Gwaggo da irinta sun gama zuwa taro, don gwiwar da ba ta hau benen nan yau ba, ba za ta hau shi wata mai zuwa ba.

Da na iso na same ta a gindin matakala, ta miƙe ƙafa, sandarta a cinya. Na durƙusa iyakar yadda zan iya na gaishe ta. Ta ce, "Akawu, hau ka gaishe min da su. Ka ce wa Alhaji zauren ya yi kyau."

Na ce, "Gwaggo, ai ba ki gan shi ba."

Ta ce, "To kai da za ka hau ganinsa za ka yi? Kafin ka kai idonka ya rufe."

Na isar da saƙo, Alhaji. Gwaggo ta ce zauren ya yi kyau.

To, ciwon namu. Mutane suna ce masa sanyin ƙashi, suna ce masa ciwon tsufa, ni kuwa ya kama ni ne furfura ko ɗaya ba ni da ita. Likita ta taɓa yi mini bayanin da ya zauna mini. Ta ce kowane jiki yana da garkuwa, kamar maigadin da ke korar cuta. Namu maigadin ne ya rikice, ya ɗauki mai gida ɓarawo, kullum yana bin gaɓɓanmu da duka. Ba a korarsa, don in ya tafi kowace cuta sai ta shigo. Magani kawai ake ba shi ya lafa. Wata rana ya lafa, ka ɗaura maɓallin rigarka da kanka kana jin kai wani ne. Wata rana ya tashi, yatsu su kumbura, gwiwa ta yi zafi kamar an ɗora mata dutsen guga, ga gajiyar da barci ba ya saukewa. Tambayar da aka ba ni ita ce, me ke tayar da shi?

Abu na farko da na tuhuma shi ne abinci, domin shi ne ba ya iya kare kansa. Na fara da tumatir. Na lura sau biyu ciwon ya tashi washegarin cin miya mai tumatir, sai na sa aka hana shi shiga gidana. Muka yi ta cin miya fara sol, yara suna kallona kamar ni na kashe musu wani. Ciwon ya tashi. Na wanke tumatir daga zargi, na kama ƙwai. Ciwon ya tashi. Na saki ƙwai, na kama wake, daga wake na koma kan madara, daga madara na koma kan burodi. Ranar da na shigo kicin na tsaya ina duban albasa, maiɗakina ta ajiye wuƙa ta ce, "Baban yara, ka faɗa min abin da ya rage bai yi maka laifi ba, in dafa maka shi."

Na ce, "Ruwa dai har yanzu ban kama shi da komai ba."

Ta ce, "To Allah ya sa kada ka sha shi ranar Talata ciwon ya tashi Laraba, mu shiga uku."

Ban ce abinci ba ya taɓa kowa ba. A cikinmu akwai wanda ya bar wani abu ya ji sauƙi, kuma ban ƙaryata shi ba. Ni dai bayan duk binciken nan abin da na samu shi ne rama, da sabon rami a bel ɗina. Wataƙila ban iya bincike ba ne. Wataƙila kuma ciwon yana karanta abin da nake rubutawa.

Abu na biyu, sanyi da sassafe. Likita ta ce masana ba su gama yarda cewa sanyi yana tayar da ciwon ba, ni kuma ba zan yi musu da masana ba, sai dai gwiwata ba ta yi karatu ba, tana sanin hadari kafin gidan rediyo. Safiya kuwa ba gardama a kanta. Mai wannan ciwo yana farkawa ne gaɓa bayan gaɓa. Ido ya tashi, sai a jira wuya, wuya ya tashi, sai a jira yatsu, su kuwa yatsu sai an jiƙa su a ruwan ɗumi an lallashe su kamar amaren da suka yi yaji. Saboda haka ina yaba wa kwamiti da suka sa taron nan da sassafe don manyan baƙi su samu su wuce ofis, suka kuma kunna mana na'urar sanyi tun kafin mu zo. Ga baba direba can a layi na biyu, ya naɗe hannuwansa cikin labulen Alhaji. Baba, kada ka ji kunya, ni ma da ina kusa da taga da mun raba.

Abu na uku, ranar sauƙi. Wannan ita ce mugunyar. Ranar da ka tashi garau sai ka ce bari in rama duk abin da ya wuce ni. Ni a irin wannan rana na hana abokin aikina taɓa ko kwali ɗaya, na ɗaure kaya har aka tashi, na buga hatimi kamar ina da gaba da tebur, na zo gida na gyara ƙofar banɗaki, na ɗaga autana sama. Washegari maiɗakina ce ta sa mini takalmi. Likita kullum tana cewa mu motsa jiki kaɗan kaɗan, mu huta kafin mu gaji, mu samu barci. Hawa benen nan kuwa ba ya cikin kaɗan kaɗan. Na fara ƙirga matakalan don in rubuta, a tsakiya gwiwa ta karɓe lissafin. Abin da muka hau yau, gobe da jibi za mu biya shi a kan gado, kuma har yanzu saukowa tana jiranmu, wadda duk mai gwiwa ya san ta fi hawan mugunta.

Abu na huɗu, masoya. Ina neman afuwar dangi da ke nan. Babu mai wannan ciwo da ba shi da likitoci goma a gida, kuma ba wanda ya taɓa kwana da ciwon a cikinsu. Surukata ta ce rashin cin nama ne. Maƙwabcina ya ce yawan cin nama ne. Shugabana a wurin aiki ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Kai da ka yi ɓul-ɓul haka, ina ciwon yake?" Kumburin maganin ne ya gani a fuskata ya ɗauka hutu ne. Yayana kuwa, wanda yake ƙaunata fiye da kowa, ya zo mini da wata jarka ya ce, "Ƙanena, ƙwayoyin nan su ke riƙe maka ciwon. Ajiye su ka sha wannan. Wani abokina ya ba kawunsa, yanzu kawun yana buga ƙwallo."

Na ce, "Yaya, kawun shekarunsa nawa?"

Ya ce, "Kai matsalarka ke nan, tambaya. Sha kawai."

Na ajiye maganin likita na sha. Ban buga ƙwallo ba. Yayan nan nawa shi ya goya ni zuwa mota, yana tafe yana cewa lallai ban girgiza jarkar ba ne. A duk abin da na lissafa muku, wannan kaɗai nake da tabbaci a kansa: in ka bar maganinka ba da sanin likita ba, maigadin nan zai tashi, kuma da kulki biyu zai tashi. Sai kuma ɓacin rai da damuwa, waɗanda su ma suna tayar da shi, shi ya sa masu ba mu shawara suke taimaka wa ciwon ta hanya biyu.

Na zo abu na biyar, kuma na ga shugaba yana duba agogo. Ranka ya daɗe, na kusa. Wannan ba ya cikin takardun da likita take raba mana, kuma ina iya yin kuskure a kansa. Kunya ce. Mu mutane ne da muka gaji da zama nauyi a kan wasu, har ya zama in an yi mana abu, ko yana cutar da mu, godiya ce take fara fita. Mutum zai miƙo maka hannu da murna, ya damƙe yatsunka ya girgiza, kana jin ƙasusuwan suna gaisawa da juna, hawaye ya cika maka ido, shi kuwa ya ce, "Allah sarki, ya yi kewata." Ba za ka ce masa ya sassauta ba. A bakin ƙofar nan yau 'yan kwamiti sun jeru suna yi wa kowa maraba da hannu bibbiyu, kuma duk mun ce mun gode.

Kunyar nan ce ta kawo mu hawa na uku. Baƙi za su yi mamaki, yaya aka yi ƙungiyar masu ciwon gwiwa ta zaɓi bene? Ai zaɓe aka yi, kuma ba a yi maguɗi ba. Ku sani, kwamitinmu duk masu lafiya ne, mazaje da 'ya'yan marasa lafiya. Mu muka zaɓe su, don su ne masu iya ɗaukar benci da sa hannu a takarda, kuma sun yi mana hidimar da Allah kaɗai zai biya su. A taronmu na watan jiya an kwana ana ruwa, gari ya waye da danshi, kowa ya zo kafaɗarsa a ɗaure. Shugaba ya karanta mana albishir na kyautar Alhaji, sannan ya yi yadda ya saba yi da malamansa a makaranta. Ya ce, "Wanda bai yarda mu koma sabon zaure ba, ya ɗaga hannunsa sama sosai in gani."

Jama'a, a ranar nan ko kyautar mota ake rabawa ga wanda ya ɗaga hannu, da motar ta koma inda ta fito. Ni na gwada, nawa ya kai ƙirji ya tsaya, shugaba ya ɗauka gyaran aljihu nake. Baba direba ya ɗaga gira. Gwaggo ta ɗaga sandarta kaɗan daga ƙasa, wani ɗan kwamiti ya taso da sauri ya ce, "Gwaggo, banɗaki za ki? Bari in kama ki." Shugaba ya duba dama, ya duba hagu, fuskarsa ta cika da farin ciki, ya ce, "Alhamdu lillahi, ko mutum ɗaya bai ƙi ba." Mu kuma, da bakinmu lafiya lau, muka dubi wannan farin ciki muka kasa ɓata shi. Da muka fito na ce, "Gwaggo, me ya hana ki magana?" Ta ce, "Mutum ya ba ka bene guda, ka ce masa ya yi tsawo?"

Alhaji, ranka ya daɗe, ba wanda ya gaya maka, shi ya sa nake gaya maka a gaban jama'a. Kyautarka ta fi ƙarfin gwiwoyinmu. Amma ba za ta tashi a banza ba. Muna da dangi masu lafiya da yawa, masu ƙafa, masu shawara. A bar musu zauren nan, likita ta riƙa hawo da su wata-wata tana koya musu yadda ake zama da mai wannan ciwo, da yadda ake gaisawa, da yadda ake yin shiru. Yayana ya ce in rubuta sunansa, ko bai ce ba ma zan rubuta.

Mu kuwa, shugaba, ina neman izini a sake zaɓe, kuma da tsarinka za a yi, don kada a ce na kawo baƙon abu. Wanda bai yarda mu ci gaba da zama a ɗakinmu na bayan kantin magani ba, ya ɗaga hannunsa sama sosai a gani.

Ina dubawa. Dama babu. Hagu babu. Shugaba, na ga naka ya taso, na kuma ga uwargidanka mai ciwon nan ta juyo ta dube ka, ya koma. Allah ya ƙara mata lafiya.

Amma zuciyata ba ta kwanta ba, don na san bayan zaman da muka yi cikin sanyin nan, ko mai son benen ba zai iya ɗagawa ba, kuma abin da aka yi mana bai kamata mu yi wa wani ba. Saboda haka a yi da baki, yau dai a ajiye kunya. A buɗe ƙofar can, a ɗage ƙyallen, don ta ƙasa ta ji da kunnenta. Masu son bene su ce bene.

Na ji murya biyu, kuma duka 'yan kwamiti ne. Mun gode muku.

Masu son ƙasa fa?

To. Ina jin wannan ko mai kantin magani ya ji daga inda yake. Alhaji yana dariya, kuma na ɗauki dariyar nan a matsayin yafiya. Ɗaya daga cikin masu ƙafa ya taimaka ya sauka yanzu, kada a jira ni, don kafin in kai ƙasa an rufe kanti. A ce wa Gwaggo ta mayar da makullin cikin jakarta.

Allah ya saka wa Alhaji da gidan da ya fi wannan, ya kawo masa lif ɗinsa lafiya. Allah ya biya shugaba da kwamiti wahalar da suke sha da mu, ya biya likita, ya biya matan da suke sa wa mazajensu takalmi da mazajen da suke ɗaura wa matansu ɗankwali. Allah ya kwantar mana da wannan ciwo, ya yawaita mana ranakun sauƙi, ya ba mu hankalin da ba za mu ɓarnatar da su ba. Allah ya ja kwanan Gwaggo. Allah ya sauke mu lafiya, masu sanda a gaba, kowa ya kama ƙarfe, kada wanda ya tura wani.

Na gode.